Tambayoyi da Amsoshi: Yadda Kayan Naɗi Ke Tare Zafi a Cikin Akwati

Duk wanda ya taɓa aika magani, jini, furanni ko wata na'ura mai gudun zafi zuwa wuri mai nisa ya san fargabar da ke tsakanin rufe akwati da buɗe shi. An zuba ƙanƙara, an naɗe, an ɗaure, amma me zai faru a hanya? Ga tambayoyin da suka fi yawan tasowa a kan wannan batu, da amsoshinsu.

Shin akwatin soso, wato na farar robar nan marar nauyi, shi ne ke sanyaya kaya?

A'a. Ba ya sanyayawa, ba ya kuma ɗumamawa. Aikinsa ɗaya ne tak: rage saurin tafiyar zafi. Zafi kullum daga wuri mai zafi yake gangarawa zuwa wurin da ya fi sanyi, kamar yadda ruwa ke bin gangare, kuma ba ya tsayawa sai ɓangarorin biyu sun daidaita. Abin da muke kira sanyi ba wani abu ba ne mai zaman kansa da ke shiga ko fita, ƙarancin zafi ne kawai. Idan ƙanƙara ta narke a cikin kula, ba sanyi ne ya tsere ba, zafin waje ne ya sami hanya ya shigo.

Shi ya sa kula guda take riƙe ruwan zafi da zafinsa, ta kuma riƙe ƙanƙara da sanyinta. Bangon ɗaya ne, inda zafin ya dosa ne ya bambanta. Ka naɗe ma'aunin zafi da bargo ka ajiye a ɗaki, ka dawo bayan awa guda, za ka tarar lambar tana nan inda ka bar ta. Bargo yana ɗumama mutum ne domin jikin mutum yana samar da zafi, shi kuma bargon ya hana shi watsewa.

Komai kyan akwati, lokacin da abin da ke cikinsa zai yi daidai da zafin waje yana nan tafe. Abin tambaya shi ne ko kayan za su isa kafin nan.

Ta ina zafin ke bi ya shiga akwatin da aka rufe ruf?

Hanyoyi uku gare shi, kuma kowace da irin maganinta.

Ta farko ita ce bin jiki. Ka tsoma cokalin ƙarfe a ruwan zafi, ba da jimawa ba mariƙin zai ɗauki zafi, alhali ruwan bai taɓa shi ba. Ƙwayoyin da suka yi zafi suna girgiza na kusa da su, su ma su girgiza na gaba, har zafin ya ratsa. Ta haka yake keta bangon akwati daga waje zuwa ciki.

Ta biyu ita ce bin iska ko ruwa mai motsi. Iskar da ta yi zafi ba ta kai mai sanyi nauyi ba, sai ta tashi sama, mai sanyin ta sauko ta maye gurbinta, su yi ta kewayawa suna jigilar zafi daga wannan bango zuwa wancan. Duk wata kafa a bakin murfi ƙofa ce ga wannan hanya.

Ta uku ita ce huci, irin wanda ke dukan fuskarka idan ka tsaya nesa da wuta. Wannan ba ya bukatar iska ko wani abin da zai bi, ta haka ne ma zafin rana ke ratsa sararin samaniya ya iso mu. Da tsakar rana, in sama ta washe, hasken rana yana sauke kusan wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita. Akwatin da aka bari a rana ya gamu da abin da ya fi ƙarfin bangonsa, kuma matsar da shi inuwa ya fi ƙara masa wani naɗi amfani.

Me ya sa ƙarfe ya fi katako sanyi a hannu, alhali a ɗaki ɗaya suka kwana?

Zafinsu ɗaya ne. Bambancin shi ne ƙarfe yana kwashe ɗumin hannunka da sauri, katako kuwa a hankali, sai fata ta ji saurin kwashewar a matsayin sanyi. Masana suna auna wannan hali da lamba, wato yawan wat ɗin zafi da ke ratsa kowace murabba'in mita ta abu mai kaurin mita guda a kan kowane digiri na bambanci. Jan ƙarfe yana kusan 400, alminiyom sama da 200, baƙin ƙarfe wajen 50, gilashi kusan 1, ruwa 0.6, busasshen katako tsakanin 0.1 da 0.2, farin soso tsakanin 0.03 da 0.04. Iskar da ke tsaye wuri ɗaya kuwa 0.026 ce kawai.

Ka dubi lamba ta ƙarshe da kyau, domin a nan ne gizo ke saƙa. Jan ƙarfe yana wuce da zafi fiye da iska kimanin sau 15,000. Kusan duk wani abin da ake kira makarin zafi, soso ne, ulu ne, auduga ce ko takarda, ba jikinsa ne ke aikin ba. Iskar da ya kulle a cikinsa ce. Shi dai keji ne da aka yi wa iska.

To in iska ce ke aikin, me zai hana a bar fili tsakanin kaya da bangon kwali?

Saboda iskar da aka ba fili ba ta zama wuri ɗaya. Da zarar ɓangare ɗaya ya fi ɗaya zafi, sai ta fara kewayawa, ta koma mai jigilar zafi maimakon mai tare shi. Iska tana kare zafi ne in an tsare ta a ƙananan ramuka inda ba ta da wurin juyawa. Wannan ne dalilin da ya sa ratar da ke tsakanin gilasai biyu na tagogin ƙasashe masu sanyi ba ta cika wuce santimita 2 ba: in ta wuce haka, iskar ta sami filin yawo, ƙarin faɗin bai ƙara komai ba.

A aikace, duk gurbin da ya rage a cikin akwati a cike shi, ko da da takardar da aka cukuikuye ne.

Mene ne farin soson nan da ake samu a kwalin talabijin da firji?

Sunansa polistirin, roba ce da aka kumbura. Ana ɗaukar ƙananan ƙwayoyin roba masu ɗauke da wani sinadari mai saurin zama iska, a hura musu tururi, su kumbura ninkin-ba-ninkin, sannan a matse su a cikin mazubi su manne da juna. Abin da ke fitowa kusan kashi 98 cikin 100 nasa iska ce, roba kashi 2 kacal. Wani masani mai suna Fritz Stastny ne ya samar da shi a kamfanin BASF na Jamus a wajen 1950, aka sa masa suna Styropor. Sunan Styrofoam da mutane da yawa ke kiran sa da shi na wani ɗan'uwansa ne, wanda kamfanin Dow na Amurka ya fitar domin gine-gine.

A ganina, in dai batun tsare zafi ne na kwana ɗaya ko biyu, da wuya a sami abin da ya haɗa rashin nauyi da iya aiki kamarsa. Amma yana da raunin da ya kamata a sani: yana karyewa, yana laushi idan zafi ya kusa digiri 100 a ma'aunin Salshiyas, kuma fetur yana narkar da shi nan take.

Akwai kuma 'yan gutsattsarinsa da ake zubawa a cike gurbi. Waɗannan an yi su ne don kare kaya daga buguwa. Suna ɗan rage zafi, amma iska tana yawo a tsakaninsu, kuma girgizar hanya tana sa kaya su nutse har su taɓa gindin kwali. Ba za su maye gurbin bango mai kauri ba.

Leda mai bororon iska fa, tana tare zafi?

Tana yi, amma kaɗan, domin siririya ce. Abin sha'awa shi ne ba don naɗin kaya aka ƙirƙire ta ba. A 1957 wasu injiniyoyi biyu, Alfred Fielding da Marc Chavannes, suka manna labulen roba biyu a jihar New Jersey ta Amurka da nufin yin takardar ado ta bango. Ba ta karɓu ba. Suka gwada tallata ta a matsayin makarin zafi na ɗakunan rainon tsirrai, nan ma ba ta yi nisa ba. Sai bayan sun kafa kamfanin Sealed Air a 1960, kamfanin IBM ya fara naɗe kwamfutocinsa da ita, sannan ta sami gurbinta.

In ita kaɗai ke gare ka, ka ninka ta sau da yawa, ka rufe bakunan da salatif don kada iska ta riƙa bi tsakanin ninki da ninki. Wadda bororonta ya fashe ta zama leda kawai.

Kwali, takarda da garin katako suna da wani amfani, ko sai kayan zamani?

Suna da shi, kuma tarihi ya shaida. Kwali mai lanƙwasa a tsakiya, wanda ya samo asali daga takarda mai lanƙwasa da Albert Jones na New York ya yi wa rajista a 1871 domin naɗe kwalabe da makamantansu, yana riƙe iska a cikin 'yan ramukansa. Kwali biyu, ɗaya cikin ɗaya, da cukuikuyayyar takarda a tsakaninsu, sun fi kwali guda nesa ba kusa ba.

Labarin garin katako ya fi wannan ban mamaki. Tun kafin a san firji, wani ɗan kasuwa na birnin Boston mai suna Frederic Tudor ya riƙa yanko ƙanƙara daga tafkunan da suka daskare yana kai ta ƙasashe masu zafi. Jigilarsa ta farko, zuwa tsibirin Matinik a 1806, asara ya tafka. Da tafiya ta yi tafiya sai ya gane amfanin garin katako, wanda masu injin yankan katako ke ɗauka a matsayin shara. A 1833 ya loda tan 180 na ƙanƙara a jirgin ruwa zuwa Kalkata ta Indiya. Tafiyar ta ɗauki kusan wata huɗu, jirgin ya ratsa tsakiyar duniya mai zafi har sau biyu, amma kimanin tan 100 suka isa ba su narke ba. Babu inji, babu lantarki. Abu biyu ne suka yi aikin: iskar da ke maƙale a cikin garin katako, da kuma girman tulin ƙanƙarar kansa, wanda za mu dawo kansa.

Takardar alminiyom mai sheƙi tana aiki kuwa? Ai alminiyom ƙarfe ne.

Tambaya ce mai kyau, kuma a nan mutane da yawa ke yin kuskure. Ta fuskar bin jiki, alminiyom ba ya tare komai, wucewa da zafi ma yake yi. Ƙarfinsa a kan huci yake. Fuska mai sheƙi tana mayar da mafi yawan hucin da ya dake ta, ita ma kuma ba ta cika fitar da nata ba. Yawancin abubuwa, kamar takarda, katako da fenti, suna fitar da kusan kashi 90 cikin 100 na iyakar hucin da zai yiwu, alminiyom mai sheƙi kuwa kusan kashi 5.

Sharaɗin shi ne fuskar mai sheƙi ta kasance tana kallon iska. In ka matse ta tsakanin abubuwa biyu masu tauri, babu sauran huci da za ta mayar, zafi zai bi jikinta ya wuce salin-alin. Shi ya sa ake manna ta a bayan leda mai bororo ko a fuskar soso: soson ya tare bin jiki, sheƙin ya tare huci. Siririn bargon nan mai ƙyalli da masu agaji ke lulluɓa wa wanda sanyi ya kama a kan wannan ƙa'ida yake, kuma hukumar NASA ce ta samar da shi a 1964 domin ayyukan sararin samaniya.

Game da wace fuska za a juya waje, mai ƙyalli ko mai dishi-dishi, bambancin bai taka kara ya karya ba. Wajen murza takardar a masana'anta ne fuskokin suka bambanta.

Me ya sa fulas ya fi kula riƙe zafi?

Domin ya toshe hanyoyin uku a lokaci guda. Bango biyu gare shi, an zuƙe iskar da ke tsakaninsu, saboda haka babu abin da zafi zai bi, babu kuma iskar da za ta kewaya. An kuma shafa wa bangon sheƙi don mayar da huci. Masani James Dewar, ɗan Sikotilan, shi ya ƙera shi a 1892 a Landan don adana iskar da ya sanyaya har ta zama ruwa. A 1904 aka fara sayar da shi ga jama'a a Jamus da sunan Thermos.

Inda ya rage wa zafi shi ne wuya da murfi, wurin da bangon biyu suka haɗu. In ka zuba ruwan zafi ka ji jikin fulas ya ɗau zafi daga waje, to iska ta shiga tsakanin bangon, ya gama aiki.

Kaurin bango nawa ya isa?

Babu amsa ɗaya, amma akwai lissafi mai sauƙi, wanda ya samo asali daga aikin da masanin Faransa Joseph Fourier ya wallafa a 1822. Zafin da ke ratsa bango yana ƙaruwa da faɗin bangon da kuma bambancin zafin ciki da waje, yana raguwa da kaurinsa. Ka ninka kauri, ka rage shigar zafi zuwa kusan rabi.

Mu gwada da misali. Akwatin farin soso ne, faɗin bangonsa duka rabin murabba'in mita, kaurinsa santimita 5, ciki digiri 0, waje digiri 30. Ka ninka 0.035 (lambar farin soso) da 0.5 da 30, ka raba da 0.05 (kaurin a mita), za ka sami wat 10.5. Wato kusan kilojul 38 ke shigowa kowace awa (kilojul ma'aunin yawan zafi ne). Kilo ɗaya na ƙanƙara yana shanye kilojul 334 kafin ya narke, don haka zai kai kusan awa 9. Kilo uku za su ɗan wuce kwana ɗaya. In bangon santimita 2.5 ne, ka raba wannan lokaci biyu.

Wannan lissafin takarda ne. A hanya akwai rana, akwai ƙarfen mota mai zafi a ƙarƙashin akwati, akwai jinkirin da ba a zata ba. Ni dai shawarata, in lissafi ya ce kilo uku, a saka fiye da haka, a kuma yi lissafin da zafin rana mafi tsanani da za a iya gamuwa da shi.

Me ya sa ƙanƙara ta fi ruwan sanyi daɗewa haka?

Saboda narkewa ita kanta tana cin zafi. Ɗaga kilo ɗaya na ruwa da digiri guda yana bukatar kusan kilojul 4.2, amma narkar da kilo ɗaya na ƙanƙara yana bukatar 334, kuma duk tsawon narkewar ma'auni yana tsaye a kan digiri 0. Zafin da zai narkar da ƙanƙara zai iya ɗaga ruwa mai nauyinta daga digiri 0 zuwa 80. Bango yana rage shigowar zafi, ƙanƙara kuma tana shanye wanda ya shigo. Ɗaya ba ya wadatarwa in babu ɗaya.

Babban dunƙule ya fi gutsattsari daɗewa, gutsattsari kuwa sun fi saurin sanyaya kaya. Sannan a tuna iska mai sanyi ƙasa take sauka, saboda haka a tabbata akwai ƙanƙara a saman kaya.

In ƙanƙara ta fara narkewa, a zubar da ruwan?

Muddin akwai sauran ƙanƙara a ciki, ruwan yana kusa da digiri 0, yana taimakawa. Zubar da shi yana jawo iska mai zafi ta cike gurbinsa. A bar shi, sai fa in zai jiƙa kaya ko makarin zafin.

Me ke lalata makarin zafi?

Jiƙa da matsewa, kuma dukansu hanya ɗaya suke bi: korar iska. Ruwa yana wuce da zafi fiye da iska sama da sau 20. Takarda, kwali, auduga ko garin katako, da zarar ruwa ya cika ramukansu, sun koma gada ga zafi. Ba sai ruwan sama ba: raɓar da ke taruwa a jikin abu mai sanyi ta isa ta jiƙa takarda cikin 'yan awoyi. Saboda haka a sa ƙanƙara da kaya a cikin leda, a ɗaure, kafin a kewaye su da abin da ke shan ruwa.

Matsewa ma haka. Audugar da aka danne har ta yi tauri ta rasa iskarta. A cika gurbi, amma kada a dandanƙe.

Abu na uku shi ne kafa. Bango mai kaurin santimita 5 da murfin da bai zauna daidai ba, aikin banza ne. Ka bi bakin murfi da kusurwoyi da salatif, ka kuma lura da duk wani ƙarfe, ƙusa ko waya, da ya ratsa bango daga waje zuwa ciki.

Babban akwati ko ƙarami?

Babba, in dai cike yake. Ka ninka tsawon kowane gefen akwati, faɗin bangonsa zai ninku sau 4, amma abin da zai ɗauka zai ninku sau 8. Ke nan kowane kilo na kaya yana fuskantar ƙaramin rabo na zafin da ke shigowa. Wannan ne ya ceci ƙanƙarar Tudor. Babban akwati da ɗan kaya a tsakiyarsa kuwa shi ne mafi muni, ga faɗin bango, ga iska mai yawo. Haka nan a sanyaya kayan da akwatin kansa kafin a loda, kada ƙanƙara ta ƙare wajen sanyaya abin da ya kamata a ce ya shigo da sanyinsa.

Ga magunguna, ai gara sanyi ya yi yawa da ya yi kaɗan, ko?

A'a, kuma wannan kuskure ne mai haɗari, domin ido ba ya ganin ɓarnarsa. Yawancin magungunan rigakafi, da kuma insulin na masu ciwon sukari, ana ajiye su ne tsakanin digiri 2 da 8. Wasu daga cikinsu, kamar rigakafin ciwon hanta nau'in B da na tetanus, daskarewa tana lalata su har abada. Bayan sun narke za su iya komawa kamar lafiyayyu, alhali ƙarfinsu ya tafi. Fakitin ƙanƙarar da aka ciro daga injin daskarewa yana iya kai digiri 20 ƙasa da sifili, kuma akwati mai kyau zai riƙe wannan tsananin sanyi a jikin kwalbar magani kamar yadda yake riƙe komai.

Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da umarnin a shimfiɗa fakitin a waje tukuna, har sai an girgiza shi an ji ruwa yana motsi a ciki, alamar ya hau zuwa digiri 0. Sannan a sa wani abu tsakaninsa da magani, kada su taɓa juna. A jikin kwalaben rigakafi da yawa akwai ɗan tambari, murabba'i a cikin da'ira, wanda ke yin duhu gwargwadon zafin da kwalbar ta sha. An fara amfani da shi a 1996 a kan rigakafin shan inna. Amma zafi kawai yake nunawa, ba ya faɗin ko maganin ya daskare. A kan kowane magani, abin da masu yin sa suka rubuta shi ne abin bi.

Mece ce busasshiyar ƙanƙara, kuma yaushe ake bukatarta?

Iskar kabon-dayoksaid ce, irin wadda muke fitarwa a numfashi, da aka daskarar. Tana kan digiri 78.5 ƙasa da sifili, kuma ba ta narkewa ta zama ruwa, kai tsaye take komawa iska. Ana amfani da ita ga abin da dole ya zauna a daskare sosai. Da ita aka yi jigilar rigakafin korona na Pfizer da BioNTech daga ƙarshen 2020, wanda a lokacin ake ajiyewa a wajen digiri 70 ƙasa da sifili.

Tana bukatar taka-tsantsan. Kilo ɗaya yana zama iska sama da lita 500, don haka kada a taɓa kulle ta a mazubin da iska ba ta fita, zai iya fashewa. A rufaffiyar mota ko ƙaramin ɗaki tana iya korar iskar shaƙa har mutum ya suma. Ba a taɓa ta da hannu tsirara, tana ƙona fata. A jirgin sama, ƙa'idar da aka saba ita ce kada fasinja ya wuce kilo 2.5, kuma da izinin kamfanin jirgin.

Akwai abin da ya fi farin soso?

Akwai. Soson poliyuretan, wanda ke cikin bangon firji da kuloli masu inganci, lambarsa ta wucewa da zafi tana wajen 0.025. Akwai erojel, wani abu mai kama da daskararren hayaƙi da Samuel Kistler ya fara yi a 1931, wanda lambarsa ta yi ƙasa da ta iska ma, domin ramukansa sun yi ƙanƙantar da ƙwayoyin iska ba sa samun damar miƙa wa juna zafi. Da shi aka kare na'urorin motar Sojourner da ta sauka a duniyar Mas a 1997. Sai allunan da aka zuƙe iskarsu, masu aiki irin na fulas, waɗanda ke wajen 0.005. Allo siriri yana yin aikin soso mai kauri sau da yawa, amma ƙusa ɗaya in ta huda shi, iska ta shiga, fifikon ya tafi.

Ina ake kai soson bayan an gama da shi?

Nan ne babbar matsalarsa. Ba ya ruɓewa, yana farfashewa ne ya zama 'yan ƙwayoyi da iska ke kwasa zuwa magudanai da teku. Ana iya sake sarrafa shi, lambarsa 6 ce a cikin alamar roba, amma da yake kusan duk iska ne, mota guda cike da shi ba ta ɗauko robar kirki ba, shi ya sa wuraren karɓarsa ba su da yawa. Kada a ƙona shi, baƙin hayaƙinsa yana cutarwa. Akwatin da bai tsage ba a wanke shi a sake amfani da shi.

Ana samun madadinsa: shimfiɗun ulu, takardar da aka sake sarrafawa, gutsattsarin sitaci masu narkewa a ruwa, har da wanda ake nomawa daga saiwar naman gwari. Ulu yana kusa da farin soso wajen tare zafi. Raunin yawancinsu shi ne danshi, don haka su ma suna bukatar a raba su da ruwa.

Ta yaya zan gwada abin da nake da shi kafin in dogara da shi?

Ka sami kwali uku iri ɗaya. Ka bar na farko babu komai, ka shimfiɗa wa sauran biyun kayan da kake son kwatantawa, kauri ɗaya, har da gindi da murfi. Ka sa wa kowanne ƙanƙara mai nauyi ɗaya a cikin leda, wadda aka ciro lokaci guda, ka rufe, ka jera su a wuri ɗaya ba tare da sun jingina da juna ba. Bayan awa huɗu ko shida ka buɗe, ka tsiyaye ruwan kowanne ka auna. Kowane giram 100 da ya narke yana nufin kusan kilojul 33 na zafi sun shigo, kuma wanda ruwansa ya fi kaɗan shi ya fi tarewa.

Kada ka riƙa buɗewa kana leƙawa a tsakani, kowace buɗewa tana musanya iskar ciki da ta waje ta ɓata gwajin. In kayan da za ka aika masu muhimmanci ne, ka maimaita gwajin na tsawon lokacin da tafiyar za ta ɗauka, da ma'aunin zafi a daidai wurin da kayan za su zauna, a kuma irin zafin da akwatin zai sha a hanya.